Wa ya taɓa zuwa tsibiran tafkin Tana?

Ɗan Mairuno: Salamu alaikum 'yan uwa. Kullum ina zaune bakin wannan kogi namu na Shuɗin Nilu a nan Sudan ina tunanin inda ruwan ya fito, sai wani direba ya ce min ai daga tafkin Tana ne a Habasha, wai akwai tsibirai da sufayen Kirista ke zaune da tsofaffin littattafai rubutun hannu. Ana barin Musulmi ya gani kuwa? Kuma ta ina ake bi?

Bagadarife: Wa alaikassalam ɗan uwa. Na je tun kafin yaƙi. Daga Gadarif ka kama Gallabat ka tsallaka Matamma, sai Gondar, sai Bahar Dar, nan ne bakin tafkin, ka ɗau kwalekwale mai inji. Ba wanda ya tambaye ni addinina, kuɗin shiga kawai, ka cire takalmi. Tsibirin Kebran Gabriel na je don shi ne kusa da gari kuma shi ya yi suna da littattafai. Wallahi da wani dattijon sufi ya buɗe min guda sai da jikina ya yi sanyi, ba takarda ba ce fa, fatar akuya ce aka kankare ta yi laushi, tawada baƙa da ja kamar yadda malam ke yi wa Alƙur'ani wasali, bangon katako ne an ɗinke, ba kamar namu da ake barin warƙa warƙa cikin gafaka ba. Harshen Gi'iz ne, wato tsohon harshen cocin Habasha, daga hagu suke farawa, ban karanta ko harafi ɗaya ba amma na daɗe tsaye.

Hajiyar Kassala: To Malam ka manta ka faɗa masa Kebran ba a barin mata, haka Daga Estifanos inda gawarwakin sarakunansu suke irin su Fasiladas. Mu cocin Ura Kidane Mihret aka kai mu a Zege, shi ba tsibiri ba ne sosai, ƙasa ce ta kutsa cikin ruwa, ga bishiyoyin bunna, wato kofi, ko'ina.

Bagadarife: Gaskiyarki Hajiya, afuwan.

Abu Sinnar: Ya zol ka dakata tukuna. Tun 2023 yankin Amhara ba lafiya, iyakar ma yau a buɗe gobe a rufe. Ka tambayi direbobin Gallabat kafin ka ɗaura jaka.

Ɗan Mairuno: Na gode ƙwarai. Hoto fa, suna bari a ɗauka?