Saniyata tausayi take ji, ko gishiri take lasa?

Mai Kiwo, Dukku

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, kuma ina fatan masu ilimi a cikinmu za su warware mini ita. Ina kiwon shanu biyar a bayan gida, a cikinsu akwai wasu farare biyu da na saya rana ɗaya tun suna karsana, suka girma a turke ɗaya. A daminar da ta wuce ɗaya ta zame a laka a hanyar mashaya, ta gurɗe a ƙafar baya, ta yi kwana huɗu a kwance ba ta iya miƙewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin da ɗayar ta shiga. Da safe idan yaro ya kora shanu kiwo sai ta tirje a bakin garke, idan ya matsa mata da sanda ta ɗan bi sahu, can sai ta juyo, ta zo ta tsaya a kan majinyaciyar tana lasar wuyanta da bayan kunnenta, tana wani kuka ƙasa-ƙasa irin wanda saniya take yi wa maraƙinta. Ko dusa da kanwar da na dama mata ba ta shanye ba.

Yayana, wanda ya riga ni shiga harkar kiwo, ya ce gishirin gumi take lasa, sauran kuma sabo ne, domin dabba ba ta san tausayi ba. Ban yi masa musu ba saboda girmansa, amma zuciyata ba ta kwanta da bayaninsa ba. Shin akwai alamun da mutum zai duba ya rarrabe tausayi da sabo ko tsoro a jikin dabba?

Malamin Kimiyya, Bauchi

Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar Yaya ba abar yarwa ba ce, domin masu bincike kansu da irin wannan shakkar suke farawa, sai dai sun samo hanyar gwada ta. Abu na farko da suke rarrabewa shi ne firgita da tausayi. Idan kura ta yi kuka da dare garke duka ya rikice, wannan tsoro ne da ya bazu daga wata zuwa wata, kowace ta kanta take yi. Tausayi kuwa ana gane shi ne da inda dabbar ta nufa: ta bar abin da take so, ta tafi wurin wadda ke cikin wahala, ta yi mata abin da zai kwantar mata da hankali.

Wani masanin halayyar birai ɗan ƙasar Holan, Frans de Waal, ya wallafa a shekarar 1979 abin da shi da abokiyar aikinsa suka gani a gidan namun daji na Arnhem, wato idan biran cimfanzi biyu sun yi faɗa, wani na gefe da ba ruwansa da rigimar yakan je ya rungumi wanda aka ci ƙarfinsa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa an fi yi wa aboki da ɗan'uwa wannan lallashi fiye da bare.

Gwajin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne wanda aka yi da ɓeraye a Jami'ar Shikago ta Amurka, aka buga a 2011. An kulle ɓera ɗaya a cikin wani matsattsen bututu wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa sai daga waje, aka saki abokin zamansa a kusa. Cikin 'yan kwanaki na wajen ya koyi buɗe ƙofar, kuma ya ci gaba da buɗewa kullum, alhali idan bututun ba kowa a ciki, ko ɓeran wasa aka sa, bai cika damuwa da shi ba. Da aka ajiye cakulan a wani bututun na biyu, sai ya buɗe duka biyun, kuma sau da yawa yakan rage wa ɗan'uwansa. Wasu suka ce ai kaɗaici ne ya dame shi, abokin wasa yake nema, amma ko da aka shirya abin yadda wanda aka saki zai fita ta wani ɓangare dabam ba tare da sun haɗu ba, bai daina buɗewa ba.

Saboda haka ina roƙonka ka tuna mana abu uku game da saniyarka: ko tana yi wa kowace saniya irin wannan lasa, ko ta saba yin haka lokacin da 'yar'uwar tata take lafiya, sannan ko ta daina bayan ta warke. Mai neman gishiri da wuya ta bar kanwa a kwano.

Hajiya Mai Kaji, Gombe

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni dai shekara da shekaru ina kiwon kaji da awaki, kuma ina so a yi hattara kada a yi wa dabbobi kuɗin goro. Kazar da ta ga inuwar shaho takan yi ƙara ta buɗe fukafukai 'ya'yanta su shige, har ma ta yi tsalle ta tare shi da ƙirjinta, amma wannan kazar ce idan ta ga jini a jikin wata kaza za ta bi ta da sara, sauran su taya ta, har sai na ware mai raunin a wani akurki dabam. A ganina son uwa ga ɗanta hanyarsa dabam, tausayin wanda ba ka haifa ba kuma shi ne abin da ya fi wuyar samu, shi ya sa labarin saniyar nan ya taɓa ni, tunda ba ita ta haife ta ba.

Game da cewa dabba ba ta san tausayi ba kwata-kwata, a gaya wa Yaya cikin ladabi cewa ya zo a Bukhari da Muslim cewa Allah ya kasa rahama kashi ɗari, ya saukar da kashi ɗaya a ƙasa, da shi ne halittu suke jinƙan junansu, har dabba takan ɗage kofatonta daga kan ɗanta don gudun kada ta taka shi.

Ɗan Alkaleri

Gaskiyar Hajiya ce, ba duk dabbobi ne ɗaya ba, kuma mu da muke maƙwabtaka da dajin Yankari giwa muka fi ba shaida, duk da ɓarnar da takan yi wa manoma idan ta faɗa gona. Wata shekara da rani na bi motar masu zagaya daji, muka tarar da garken giwaye a kusa da kogin Gaji. Wani ɗan ƙarami ya kasa hawo gaɓa, yana zamewa yana ihu, sai manyan mata biyu suka juyo da sauri, ɗaya ta sa hannunta a ƙarƙashin cikinsa, ɗayar ta tura shi ta baya da ƙafa, sannan da ya hau suka tsaya suna shafa fuskarsa da bakinsa kafin garken ya ci gaba. Uwa ɗaya ce gare shi, to me ya tsayar da ta biyun?

Abin da nake ƙarawa a kan bayanin Malam shi ne a duba ko taimakon ya dace da matsalar. A dajin Samburu na ƙasar Kenya, a shekarar 2003, masu bincike sun ga wata tsohuwar giwa da suke kira Eleanor ta faɗi saboda ciwo, sai wata mai suna Grace, shugabar wani dangi dabam, ta zo ta sa haurenta ta ɗaga ta tsaye, da ta sake faɗuwa kuma ta ci gaba da ƙoƙarin tayar da ita tana kuka. Ta gane cewa tashi ne ya gagari waccan, shi ta nufi yi mata.

Mai Kiwo, Dukku

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na zauna da yaron da ke kiwon mun bi tambayoyin Malam ɗaya bayan ɗaya. Ya tabbatar mini cewa da ma sukan lashi juna jefi-jefi bayan sun dawo kiwo suna tuƙa, amma ba ta taɓa ƙin fita saboda haka ba, kuma lokacin da bajimina ya yi ciwon kofato bara ko kallo bai ishe ta ba. Ranar da muka ɗaga majinyaciyar da igiya da itace ta tsaya da ƙafafunta, washegari mai lasar ce a gaban garke zuwa kiwo, sai dai yaron ya ce wajen mako guda tana rage sauri a hanya, tana tsayawa har mai ɗingishin ta iso. Na yi niyyar sayar da ɗaya daga cikinsu kafin Babbar Sallah, amma yanzu bajimin zan kai kasuwa.