'Yar mijina tana son zuwa China neman iyayenta, in gaya masa ko in yi shiru?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ina Amurka, shekarata shida da aure. Maigidana Ba'amurke ne, ya musulunta. Shi da marigayiya uwargidansa suka ɗauko yarinya daga gidan marayu a lardin Hunan a 2006, ba ta cika shekara ba. Yanzu tana jami'a. Shekaranjiya ina yanka albasa ta ajiye min ɗan kwalin gwajin DNA, na gano dangin jini, a gabana, ko ledar ba ta ɓare ba, ta ce, "Umma, ke kaɗai na gaya wa." So take ta tofa yawu ta aika, in an yi hutu kuma ta je can. Takardarta cewa kawai ta yi an tsince ta a bakin ƙofar wata ma'aikata. Bara da ta ɗan taɓa zancen, kwana biyu babanta bai ci abincin kirki ba. In gaya masa ko in riƙe mata amana? Wanda ya taɓa irin wannan tafiyar kuma, nawa ta ci?

Baban Sadiƙ: Ai an rufe, Hajiya. Tun Satumban 2024 China ta sanar ta daina bai wa 'yan waje yara, sai dangi na jini. Kada wani ejan ya cinye muku kuɗi.

Maman Hanifa: Ba wata za mu ɗauko ba, Baban Sadiƙ. Don Allah a sake karantawa.

Inna ta Ohayo: Mu aka rufe wa ƙofar a fuska. Shekara goma sha huɗu Allah bai ba mu haihuwa ba. A 2019 aka haɗa mu da yaro ɗan shekara uku, leɓensa na sama a tsage, an yi masa aiki ɗaya. An zo an duba gidanmu har cikin firij, an ɗauki hoton yatsunmu sau uku, mun biya dala 22,000. Tikitinmu na Fabrairun 2020 ne, sai korona. Kowace shekara in fitar da kayan da na saya masa in bayar, in sayo waɗanda suka fi girma. Takalmi kawai na kasa bayarwa, shuɗi, yana nan a ƙarƙashin gadonsa. Ƙarshe kamfanin da ke tsakani suka turo min imel layi huɗu. Abin da suka mayar bai kai dala 2,000 ba. An nuna masa hotonmu an ce ga mamanka. Wa ya koma ya yi masa bayani?

Maman Biyu: Innalillahi. Inna, Allah Ya musanya miki da mafi alheri. Wallahi na kasa ƙarasa shayina.

Baban Sadiƙ: 22,000 ma an yi miki sauƙi. Wani abokin aikina 35,000 ya kashe a 2012, ban da abin da aka ce ya ba gidan marayun a hannu, sababbin daloli.

Inna ta Ohayo: Shi ya dawo da ɗa. Wane sauƙi aka yi min?

Ɗan Guangzhou: Maman Hanifa, tafiyar ba wani abu ba ce, dala 2,500 ta ishe ta. Daga nan Guangzhou zuwa Changsha, babban birnin Hunan, jirgin ƙasa mai gudu bai kai awa uku ba. Shekarata tara ina lodi a nan.

Anti Nas: Lodin kwantena daban, neman uwa daban. Wata da muke aiki tare ta kai 'yarta, wajen dala 9,000 suka kashe: tafinta, mota, mai bincike, buga fosta ana liƙawa a kasuwannin ƙauye, kuma suka dawo hannu rabbana. Sannan Maman Hanifa, kada ki dogara da "an tsince ta" ɗin nan. A 2005 aka bankaɗo gidajen marayu a yankin Hengyang, a Hunan ɗin, suna sayen jarirai. A 2011 kuma rahotanni suka fito daga Shaoyang cewa jami'an ƙayyade iyali sun ƙwace yara daga iyayen da suka kasa biyan tara, lokacin dokar ɗa ɗaya. Mai yiwuwa akwai matar da shekara ashirin tana nemanta. Ki shirya mata wannan kafin ta tofa yawun nan.

Ɗan Guangzhou: Ni da nake ƙasar ba a ji tawa ba, sai ta wadda ta ji a wurin aiki.

Anti Nas: Ka taɓa wuce kasuwar Xiaobei da filin jirgi?

Na Malam: Kowa na maganar dala, an bar asali. Musulunci ya yarda da riƙo, bai yarda da mayar da ɗan wani naka ba. Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira su da sunan iyayensu. Don haka neman nasabarta haƙƙinta ne. Kuma tunda ba a shayar da ita ba, akwai maganar muharramaka tsakaninta da maigidan.

Maman Biyu: Haba Malam. Mutumin da ya yi mata tsarki tun tana jaririya? Yarinyar ma an ce maka ta musulunta ne?

Na Malam: Ba ni na ajiye hukuncin ba.

Inna ta Ohayo: Wanda bai taɓa kwana yana kallon gadon da babu kowa a kai ba, ya yi mana shiru.

Ɗan Guangzhou: Ni dai in an gano iyayen, ina ciki. Lefe akwati nawa suke karɓa a Hunan? Kaya a wurina farashin sari ne.

'Yar Gwaggo: Ku yi ta dariya. China kuke gani, mu a gida fa? Gwaggona ta ɗauke ni daga Gumel tun ina yaye. Sai ranar da aka zo tambayar aurena, ina bayan labule, na ji kawu na cewa a aika wa ubana tunda shi ne waliyyi. Wane uba? Mutumin da nake gaishewa da "Baba na ƙauye" duk sallah. Kowa a gidan ya sani, har mai wanki.

Maman Biyu: Ke an ma yi miki aure da mutunci. A layinmu 'yar riƙo ita ce tallan awara, 'ya'yan gida suna islamiyya.

'Yar Gwaggo: Da mijin gwaggo ya rasu aka raba gado a gabana. Ni na yi jinyarsa wata bakwai. Ko darduma.

Na Malam: Ai da ya yi miki wasiyya, har sulusi ya halatta. Laifin jahilci ne.

'Yar Gwaggo: Malamai uku ne suka zauna rabon, babu wanda ya tuna masa yana da rai.

Baban Sadiƙ: Gumel ta Jigawa? Wace unguwa?

Maman Hanifa: Kwalin dai na ɓoye shi a bayan buhun shinkafa, kuma maigidan ƙarfe shida yake dawowa.