Golf ɗina na mutuwa a kan hanya idan ta ɗau zafi

Na Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da Golf 3 da nake jigilar Zariya zuwa Kano da ita. Da safe kiki ɗaya take tashi, lafiya ƙalau. Amma da na yi nisa, wajen Kwanar Ɗangora haka, sai kawai ta mutu ina cikin gudu. In na yi kiki injin yana juyawa, ba ya kamawa. Sai mun zauna a gefen titi fasinja na ta tsaki, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Na canja filogi, na canja matatar mai, a banza. Bakanikena ya ce famfon mai ne, amma kuɗinsa ba na gwaji ba ne. Me kuka gani?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Malam, nawa kake zuba mata? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 duk mun koma yawo da fitilar mai a kunne. Famfon Golf a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, in kullum tanki a ƙasa yake sai ya yi zafi ya tsaya. Ranar da ta mutu, buɗe but ka sa kunne, wani ya murɗa maka makulli. In ba ka ji ɗan kukansa ba, to shi ne, ko rilensa, wato abin da ke sakar masa wuta.

Rewaya Panteka:
Alhaji Baban Ummi, ban ƙi taka ba, amma a tambaye shi yadda take mutuwar. Motar da mai ya yanke mata sai ta yi fizge-fizge, ka taka totur ta ƙi ja, sannan ta mutu. Wadda ta ɗauke ɗif lokaci guda, wuta ce. A Golf 3 kwayil, mai haɗa wutar filogi, na farko nake zargi, yakan tsage, da ya ji zafi sai ya daina ba da wuta. Sai sansan da ke cikin distirbito, wato mai rarraba wa filogi wuta. Maigida, nan take da ta mutu, kafin ta huce, zare wayar filogi ɗaya, sa mata tsohon filogi, jingina shi da ƙarfen inji a yi kiki. Kar ka riƙe da hannu, tana ja ba wasa. In babu tartsatsi, bar maganar famfo. In ka kawo ta gareji a sanyaye babu abin da za mu gani.

Maman Sadik:
Don Allah in ta mutu a gudu kar ka riƙa famfa burki, taku ɗaya ko biyu zai yi tauri. Kunna hazad ka gangara gefe, kar ka zare makulli sitiyari ya kulle.

Na Tudun Wada:
Oga Rewaya, ɗif take yi, ko tari babu. Kuma tankina ba ya sauka ƙasa da rabi. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi da tsohon filogi a aljihu. Kwayil ɗin, sabo zan nema a Ƙofar Ruwa ko ɗan Kwatano ya fi?