Wace mota ce ta fi dacewa da ɗaukar kayan nutso?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu nutso. Ina neman motar da za ta ɗauki mutum biyu da silindar iska huɗu, da dalmar da ake ɗaurawa don a nutse, da jakunkuna. Hankalina ya rabu tsakanin a-kori-kura, jif da ƙaramar bas ta kaya. Me ya kamata in duba kafin in biya kuɗi?

Mai Dalma:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da nauyi kafin ka kalli faɗin but. Silindar alminiyom mai lita 11, wadda aka fi amfani da ita, idan an cika ta tana kai kilo 17. Huɗu kilo 68 ke nan. Ƙara dalma kilo 6 zuwa 8 ga kowane mutum, sai jaket ɗin da ake goya silinda da shi, ragileta (na'urar da ake shaƙar iskar silinda da ita), jiƙaƙƙiyar rigar nutso da takalman iyo, wajen kilo 15 kowa. Kayan kaɗai sun kai kilo 110 zuwa 114, ba a sa ku ba. Duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, nan ake rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, har da fasinja. Mutum biyu ba matsala ko a ƙaramar mota. Ranar da kuka zama huɗu ne baya zai zauna, shokozoba ta wahala, birki ya ƙara nisa. Kada ka ɗora silinda a kan ƙarfen ɗora kaya na saman mota, yawancinsu ba sa wuce kilo 75, kuma nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana.

Injiniyan Ruwa:
Ni bas zan ce. A-kori-kura tana da daɗin wanki, ka sa mesa ka kore ruwan gishiri, amma bayanta ya yi tsayi, ɗaga silinda zuwa can yana cin ƙugu, ga rana ga ɓarawo idan babu murfi. Ƙasan bas ya fi kusa da ƙasa kuma a shimfiɗe yake, mutum ya zauna a bakinta ya goya kayansa. Sai dai ka nemi mai shingen ƙarfe tsakanin kaya da kujeru. Ruwan gishiri shi ne babban abokin gaba: yana bi ta ƙarƙashin kafet ya taru a ramin safaya taya, tsatsa ta ci ƙarfen ba ka sani ba. Shimfiɗa tabarmar roba mai baki, jiƙaƙƙun kaya kuma su shiga bahon roba. Jif ba ta zama dole ba sai idan kana bin yashi zuwa bakin ruwa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. To silindar, a tsaye ko a kwance?

Mai Dalma:
A kwance, sai idan akwai maɗaurin da aka kafa a jikin motar. Ka juya gindinta gaba, bawul baya, don idan aka taka birki da ƙarfi gindin ne zai daki bayan kujera. Sa katako ko guntun bututun roba tsakaninsu kada su gangara, sannan ka ɗaure da bel a zoben ƙasan motar. Ka cire ragileta tukuna. Dalma a ƙasa take zama, ba a kan tabarau ko kwamfutar nutso (na'urar da ke nuna zurfi da lokaci) ba.

Malama Mai Koyarwa:
Ɗan'uwa, kada ka manta da zafi. Motar da aka rufe a rana cikinta yana iya wuce digiri 60. Silindar da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana ƙara kusan bar 0.7 a kan kowane digiri, wato daga 25 zuwa 65 an ƙara bar 28. A bawul mai faifan kariya, wanda aka yi don ya fashe idan matsi ya yi yawa, idan faifan ya tsufa zai iya fashewa iskar ta fice gaba ɗaya. Zafin nan kuma yana busar da zoben robar da ke hana iska zurarewa da rigar nutso. Idan kana ɗauke da silindar oksijin ta agajin gaggawa, ka raba ta da galan ɗin fetur da tsumman mai.

Ka tambayi batun makulli ma. Mai batir ba ya shiga ruwa, kuma idan ka ɓoye shi a jikin motar da ke buɗewa da kusantar makulli, kowa ya ja ƙofa za ta buɗe. Zaɓi motar da za a iya yanka mata makullin ƙarfe zalla, ka rataya shi a wuya cikin rigar nutso.