Daga lita 60 zuwa lita 300: shin lokaci ya yi da zan ƙara girman tankin kifin ruwan gishiri?

Abdul-Basit, Nima

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Ina da ƙaramin tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 60 wanda bai cika shekara da kafawa ba. A cikinsa akwai kifin kilawun guda biyu, masu launin lemo da farar ɗamara, da dodon koɗi kaɗan masu cin gansakuka, da dutse mai rai, wato dutsen teku mai ɗauke da ƙananan halittu da bakteriya masu amfani, da ya kai kilo bakwai. Kifayen suna cin abinci da kyau, amma gishirin ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin tun da hunturu ya kama, in na ɗan yi kwanaki ban ƙara ruwa ba, sai in tarar awon yawan gishirin ya tashi daga 1.025 ya doshi 1.027.

Wani mai yankan gilashi ya ce zai haɗa mini tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300. Ina neman shawararku a kan ko sabon shiga irina ya dace ya ɗauki wannan girman, da kuma yadda ake kwashe kifi da dutse zuwa sabon tanki ba tare da asara ba. Sannan tunda teku na kusa da mu, shin zan iya ɗebo ruwa a bakin tekun Labadi a nan Akara maimakon in riƙa sayen gishirin da ake shigo da shi daga waje? Allah ya saka da alheri.

Alhaji Sani, Madina

Wa alaikumus salam, Malam Abdul-Basit. Ba ka yi gaggawa ba, kuma a ganina babban tanki ya fi ƙarami sauƙi ga sabon shiga. Ƙaramar tukunya ta fi saurin tafasa, ta kuma fi saurin kamu, haka ma ruwan tanki yake. Idan lita ɗaya ta bushe daga lita 60, gishirin zai tashi daga giram 35 a kowace lita zuwa wajen 35.6, amma idan litar nan ta bushe daga lita 300, da ƙyar zai wuce 35.1. Gaskiya ne bakin babban tanki ya fi faɗi, saboda haka ruwan da zai bushe zai fi yawa, sai dai bakin ya ninka na yanzu sau uku da ɗoriya ne kawai, alhali ruwan ya ninka sau biyar, ka ga riba tana wajenka. Ka dai tuna cewa gishiri ba ya bin tururi, don haka abin da ya bushe da ruwan daɗi ake cike shi, kuma kullum ake yi, ba sai an tara ba.

Kafin a yanka gilashi, ka zauna da mai aikin ku yi maganar nauyi. Ruwan kaɗai ya haura kilo 300, in ka haɗa da gilashi da dutse da yashi da teburin da zai ɗauka, kana maganar abin da ya wuce kilo 400 a wuri guda. Kada kaurin gilashin ya gaza milimita 10, kuma a sa masa ɗauri a sama don kada ya yi ciki. Silikon ɗin da za a liƙa shi da shi kada ya zama irin na banɗaki mai maganin fumfuna, domin maganin guba ne ga kifi. Idan mai walda ne zai yi teburin, a yi masa fenti mai kauri a rufe samansa da katako, saboda feshin gishiri yana cin ƙarfe da tsatsa cikin ɗan lokaci. A auna daɓen ɗakin da ma'aunin magina, domin tankin da ya karkata ko da kaɗan ne yana matsa wa kusurwa ɗaya har wata rana ta buɗe. In gidan haya kake, ka duba sauran wa'adinka, don ba tankin da ake ɗagawa da ruwa a ciki ba ne.

Game da ƙaura kuwa, abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa ƙwayoyin bakteriyar da ke mai da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitrait, wanda shi ma guba ne, sannan naitrait zuwa naitret mai ƙarancin illa, a jikin dutse da yashi da soson tacewa suke zaune, kaɗan ne ƙwarai ke yawo a cikin ruwa. Saboda haka dutsen nan naka mai kilo bakwai ya fi tsohon ruwan daraja nesa ba kusa ba. Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce ka kafa sabon tankin a gefe, ka zuba sabon yashi da busasshen dutse da ka wanke, ka cika shi da ruwan da ka haɗa, ka ɗauko guntu ɗaya daga tsohon dutsen ka sa a matsayin iri, kana ɗan jefa abinci kaɗan domin bakteriyar su sami abin ci. Yawanci yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Sai ranar da awon amoniya da na naitrait duka suka nuna sifiri, naitret kuma ya bayyana, sannan za ka taɓa kifi.

A ranar ƙaurar, ka daidaita gishiri da ɗumin tankunan biyu tun da safe. Ka fara kwashe dutsen a cikin bokiti mai ruwan tsohon tanki, kada ka bar shi a iska, domin soso da ƙananan halittun da ke cikin ramukansa suna mutuwa su ruɓe. Da zarar dutse ya fita, kifi ba shi da maɓoya, sai ka kora shi cikin kofin roba a hankali, wanda ya fi raga sauƙi a jikinsa. Tsohon yashin ka bar shi. In ka tona ƙasansa za ka iya ganin ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan kuwa ba abin da za ka kai sabon gida ba ne.

Malama Zainab, Aboabo, Kumasi

Alhaji ya yi bayanin ƙaura yadda ba sai an ƙara ba, amma da izininsa, ni ina ganin lita 300 ta yi wa ƙanena yawa a yanzu, kuma dalilina ba ya cikin tankin, yana cikin ɗaki da aljihu. Ƙa'idar da yawancinmu ke bi ita ce canja kashi goma cikin ɗari na ruwan kowane mako. A tankinka na yanzu lita shida ke nan, da gishiri kamar giram 200. A lita 300 kuwa lita 30 ce da gishirin da ya ɗara kilo ɗaya, wato sama da kilo huɗu a wata, ban da wajen kilo goma sha ɗaya na cikon farko, kuma gishirin nan da dala ake shigo da shi, mu kuma da sidi muke saye. Ruwan ma ba na famfo ba ne kai tsaye, saboda sinadarin kulorin da sauran abubuwan da ke ciyar da gansakuka, haka kuma ruwan leda da ake kira piya-wata ba a san abin da ya rage a cikinsa ba sai an auna. Dole ka mallaki matacin da ake kira RO, shi kuma yakan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ya ba ka lita ɗaya mai kyau, yana kuma buƙatar ruwa mai ƙarfi. A unguwar da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, sai ka tanadi babbar robar ajiya mai murfi da ɗan injin tura ruwa.

Abu na biyu zafi ne. Kifayen nan daga tekun Indiya da yammacin Fasifik asalinsu yake, kuma sun fi jin daɗin ɗumin da ke tsakanin digiri 24 da 27. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Akara yakan wuce digiri 30 da rana, ga injin juya ruwa da fitila suna ƙara nasu. Fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma iskar bakin teku mai laima ce, ba ta ɗaukar tururi sosai. Na'urar sanyaya ruwa da za ta iya da lita 300 tana da tsada, kuma za ka ji ta a kuɗin mita.

Na uku shi ne wanda ya fi tsorata ni, wato ɗaukewar wuta. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi mai sanyi ƙarancinta, saboda haka daren zafi da babu wuta shi ne mafi haɗari. Alamar ita ce ka ga kifi ya hau sama yana buɗe marfin kunnensa da sauri. Mu da muka ga dumsor na 2015, wato yawan ɗaukewar wutar da aka yi a Ghana, mun san yadda awa goma sha biyu take. Kafin ka sayi ko kifi ɗaya, ka sayi injin hura iska mai aiki da batir, in da hali kuma ka haɗa injin juya ruwa guda ɗaya da inbata. In wani zai aiko maka da kaya daga Amurka, ka gaya masa wutarmu bolt 230 ce, tasu kuwa 120. Shawarata ita ce lita 180 zuwa 200, wadda za ta ba ka natsuwar da Alhaji ya ambata ba tare da ta fi ƙarfin hidimarka ba.

Malam Mustapha, Ashaiman

Ni zan tsaya a kan maganar ɗebo ruwan teku, domin ba a amsa ta ba. Ruwan teku na asali ba shi da laifi, manyan gidajen nuna kifi da ke bakin teku da shi suke aiki. Matsalar ita ce wurin ɗiba. Duk abin da kwatocin Nima da Maamobi da sauran unguwanni suka kwaso yana bin kogin Odaw ya shiga tafkin Korle ya faɗa teku kusa da Jamestown, igiyar ruwa kuma tana tura shi gabas, wajen Osu da Labadi, inda tafkin Kpeshie ma ke zuba nasa. Ruwan da za ka kamfata a bakin gaɓa yana ɗauke da ƙazanta da mai da yashi, a damina kuma ruwan sama ya surka shi.

Wanda ya nace, sai ya yi magana da masu kwalekwale su ɗebo masa can ciki nesa da gaɓa, a galan ɗin Kufuor, wato jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, da aka wanke sarai har ƙanshin man girki ya fita, kuma wanda bai taɓa ganin fetur ba. Sai a tace ruwan da kyalle mai laushi, a rufe shi a wuri mai duhu na mako biyu ko fiye, a auna gishirinsa kafin a zuba. Duk da haka, ga sabon shiga ban ba da wannan shawarar ba, saboda ranar da kifi ya yi ciwo ba zai iya rarrabe ko ruwan ne ko wani abu dabam ba. Gishirin kamfani da tataccen ruwa suna ba ka abu iri ɗaya kowane mako, kuma wannan ne kake buƙata yayin da kake koyo.

Abdul-Basit, Nima

Na gode Alhaji, na gode Yaya Zainab da Malam Mustapha, Allah ya ƙara sani. Na auna ɗakin da kuɗin da zan iya fitarwa duk wata, na ga maganar Yaya ta fi dacewa da halina, don haka zan ce a yanka santimita 100 da 45 da 45, wanda ya ɗan haura lita 200, kuma zan fara sayen mataci da injin iska mai batir. Na bar maganar ruwan Labadi. Saura tambaya ɗaya: bayan ƙaura, zan iya sa shuɗin kifin nan da ake kira tang, kuma me zan yi da tsohon tankin?

Alhaji Sani, Madina

Zaɓinka ya yi, kuma hujjar Malama a kan wuta da zafi ta fi tawa ƙarfi. Amma shuɗin tang ka haƙura da shi. A kanti za ka gan shi bai wuce tsawon yatsa ba, alhali yakan kai santimita 25 zuwa 30, kuma kifi ne mai yawan iyo da ke buƙatar tanki mai tsawon kusan mita biyu. In aka matse shi, shi ne na farkon kamuwa da ciwon fararen ɗigo. Kifayen da suka dace da lita 200 su ne ƙanana masu sanyin hali irin su gobi da bileni, kuma ɗaya bayan ɗaya ake sa su, da tazarar mako biyu zuwa uku, domin bakteriyar su yawaita daidai da ƙaruwar kashin kifin. Kada ka ƙara kilawun na uku, domin biyun da suka riga suka zama mata da miji za su addabe shi. Wata na farko bayan ƙaura ma kada ka sa komai, kuma in ka ga ƙura mai launin ƙasa ta rufe sabon yashi da gilashi, kada hankalinka ya tashi, kowane sabon tanki yana yin haka kuma takan wuce da kanta.

Tsohon tankin kada ka sayar. Ka wanke shi, ka bar shi babu yashi babu dutse, ka sa guntayen bututun roba a matsayin maɓoya, da soson tacewa da ya ɗan zauna a babban tanki. Duk sabon kifi ya yi aƙalla mako huɗu a ciki kana lura da cinsa da numfashinsa da fatarsa. Idan ɗigo ya bayyana, a nan za ka yi magani, domin maganin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da tagulla, ita kuma tana kashe dodon koɗi da jatan lande da murjani, tana kuma shiga jikin dutse ta zauna. Raga da bokiti da tiyon wannan tanki su zama nasa shi kaɗai, ka ɗaura musu jan zare don kada su gauraya da na babban.