Na sa wa tsohuwar sifika zoben roba, muryarta ta canja

Mai Garmaho:
Assalamu alaikum. Ina da sifika biyu ƙirar Advent, manyan nan da Henry Kloss ya fitar a 1969. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Soson da ya zagaye bakin wufa, wato babban bakin sifikar mai fitar da sauti mai kauri, ya ruɓe, ina taɓa shi ya marmashe, ya manne mini a yatsa kamar kwalta. Mai gyara ya liƙa mini zoben roba, wai ta fi ƙarko. Ƙarko dai ban musa ba, amma muryar ba ita ba ce. Da, in an kaɗa babbar ganga a faifai, a ƙirji nake jin ta, a natse. Yanzu sai ka ce ana dukan jarka. Kunnena ne ko ɓarna aka yi?

Tsohon Koyil:
Wa alaikumus salam, Allah ya kai rahama kabarin Baba. Kunnenka ƙalau, Malam. Akwatin nan rufe yake ruf, ba shi da ramin iska. Dabarar Edgar Villchur ce tun 1954, kuma tare da shi Kloss ya kafa kamfanin sifika na Acoustic Research. Iskar da aka kulle a ciki ita ke mayar da takardar wufa mazauninta, shi ya sa aka yi mata gefe mai laushi tiɓis. Da aka sa roba mai tauri an ƙwace wa iska aikinta, sai bes mai zurfi ya gudu.

Ka ɓamɓare robar a hankali, ka goge tsohon gam, ka nemi soson wannan samfurin takamaimai. Kada girman ƙarfen da ke riƙe da wufa ya ruɗe ka, na inci 12 ne amma takardar ƙarama ce, an cike tsakani da zoben kwali mai tauri. Kafin gam ya kama, ka saki sauti mai kauri na 30 Hz (girgiza 30 a daƙiƙa) ƙasa-ƙasa, shi zai zaunar da koyil, naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar, a tsakiya kada ya riƙa gogar maganaɗisu. In ya bushe, ka danna takardar da yatsu ka saki. Ta dawo a sanyaye, akwati lafiya. Ta yi zumbur, iska na zurarewa, galibi ta inda aka ɗaure wufa.

Kunne Biyu:
Gaskiya ne, sai dai soso ba ya wuce shekara 15 zuwa 20 zai sake ruɓewa, ka sa wannan a ranka. Tunda za ka buɗe, ka auna kafasita, 'yar na'urar da ke tace sautin da ke zuwa wa tuwita (ƙaramin bakin mai fitar da siririn sauti), tsufa na sa ta kauce daga ƙimarta tuwita ta dushe. Ni dai da na sauya tawa, sai da na yi mako ina jin kamar muryar ta yi kaifi. Ashe dushewar na saba da ita.

Mai Garmaho:
Na gode, Yallaɓai. Yanzu na danna, zumbur ta dawo, har da ɗan huci ta gefen sukuru. Kafasita kuwa zan fara sauya ta sifika ɗaya, in saurare su gefe da gefe tukuna.