Muhawarar Mazauna Gida Kan Ƙarin Kuɗin Injin Wanki

Mazaunin sashe na 9: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, amma takardar da aka liƙa jiya a ƙofar ɗakin wanki ta sa dole in furta ta. Tun da aka kawo injinan wanki biyu, ana karɓar naira 4,000 duk wata daga kowane sashe, yanzu kuma an ce daga watan gobe kuɗin ya koma 6,000, ba tare da an tara mu an ji ta bakinmu ba. Ni kaɗai nake zaune a sashena. Shaddodina ba sa shiga inji, domin sai an sa musu sitaci an kai wa masu bugu, saboda haka mai wanki da guga nake ba, ina biyansa daban. Abin da nake sawa a inji bai wuce zanen gado da tawul ba, sau biyu a wata, alhali akwai sassan da injin ba ya hutawa saboda su tun daga asuba har bayan isha'i. A ce mu biya kuɗi ɗaya, wannan a ganina zalunci ne. Abin da nake nema shi ne kowa ya biya gwargwadon wankin da ya yi.

Malam na sashe na 2: Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙorafinka abin sauraro ne, amma kalmar zalunci tana da nauyi a addini, kuma ba a ɗora ta a kan musulmi sai da hujja bayyananna. Mai gidan nan ya haƙa mana rijiyar burtsatse da kuɗinsa a lokacin da muke layi wurin 'yan garuwa, kuma na san mutum biyu a cikinmu da ya ɗaga wa ƙafa wata huɗu bai tayar musu da hankali ba. Ka ce an yi kuskure, ko an yi gaggawa, amma ka janye waccan kalma.

Wakilin mai gida: Allah ya saka wa Malam da alheri. Shekara tara ina yi wa Alhaji aiki, ban taɓa ganin ya ci haƙƙin kowa ba. Kowa ya san cewa a watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wutar layin da ake kira Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kuma layinmu yana ciki. Kafin nan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janaretan da ke tayar da injin jan ruwa idan an ɗauke wuta kuwa ba da ruwa yake tafiya ba. Duk da haka sai yanzu aka yi ƙari.

Injiniya na sashe na 11: Da izinin manya, lissafin wuta ba zai ɗauki wannan ƙari ba. Injin wanki irin namu, idan da ruwan sanyi aka yi wanki, bai cika cin yunit ɗaya ba a wanki guda, ruwan da yake sha kuma wajen lita 50 zuwa 60 ne. Sassa 12 muke da su, ke nan naira 72,000 za a riƙa tarawa duk wata. Ko da an yi wanki sau 150 a wata, wutar injinan ba za ta kai rabin wannan kuɗi ba. Na yarda akwai jan ruwa, da gyara, da ajiyar kuɗin sabon inji, amma hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sa wa ɗakin wanki ƙaramar mita tasa, mu ga abin da yake ci a zahiri.

Hajiya ta sashe na 5: Ni dai na gane wadda ake nufi da sassan da inji ba ya hutawa saboda su. Yara bakwai nake riƙo, uku a cikinsu marayun ƙanena ne, kuma kowannensu sai ya tafi boko da Islamiyya da tsaftataccen kaya. Idan wannan shi ne zaluncin, to a faɗa mini kai tsaye. Gwauro ba zai san nauyin wankin iyali ba sai ranar da Allah ya ba shi nasa.

Mazaunin sashe na 9: Hajiya, ke uwa ce a wurina, kuma ban ambaci sashen kowa ba. Tsarin karɓar kuɗin na kira zalunci, ba mutum ba. Sannan ni ba gwauro ba ne, domin ban taɓa aure ba balle a ce mata ta fita.

Mazaunin sashe na 7: Gaskiyarsa ce a nan, domin a Hausa gwauro shi ne wanda ya yi aure matar ta rabu da shi ko ta rasu, wanda ya girma bai yi ba kuwa tuzuru ake ce masa. Amma abin da na so in faɗa daban ne. Na yi shekara shida ina haya a Agege, kuma dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit na daban kan kuɗin hidima, ya kuma ba ɗan haya bayani a rubuce aƙalla duk wata shida kan yadda aka kashe kuɗin. Mu nan tun da aka fara karɓa ba mu ga ko takarda ɗaya ba.

Wakilin mai gida: Nan Kaduna ce, ba Legas ba, kuma wanda yake ganin ana cin kuɗinsa ya fito fili ya ce ni ɓarawo ne.

Malam na sashe na 2: Kun ga abin da na guda. Daga zalunci an gangaro zuwa sata, kuma kiran mutum tuzuru a bainar jama'a shi ma bai dace ba. Ma'anar zalunci a wurin malamai ita ce ajiye abu ba a muhallinsa ba. Hadisi ya zo cewa musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla, kuma duk wanda ya karɓi makullin ɗakin wanki ya karɓi sharaɗin biya.

Injiniya na sashe na 11: Gafarta Malam, sharaɗin da muka karɓa na naira 4,000 ne. Shin ɓangare ɗaya yana iya canza sharaɗi shi kaɗai? Idan kuwa zalunci shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba, to ɗora wa mai wanki biyu nauyin mai wanki talatin ya shiga cikin wannan ma'ana.

Malam na sashe na 2: Injiniya, kowa da fanninsa. Ban taɓa yi maka gyara a lissafin wuta ba.

Dakta ta sashe na 3: Lokacin da nake karatu a Suwidin, ɗakin wanki na gidan haya yana cikin kuɗin haya, babu wanda ke biya daban, kuma mai iyali da wanda yake shi kaɗai duk ɗaya ne. Abin da ake rabawa daidai shi ne lokaci, domin kowa yana kama sa'o'insa a jadawali, kuma ba ka da ikon shiga lokacin wani. A ganina matsalarmu ke nan. Sau uku a makon jiya na sauko da kayana na tarar an bar wanki a cikin inji tun safe, mai shi ya tafi kasuwa.

Amarya ta sashe na 10: Tun da an taɓo wannan, ni abin da ya fi damuna shi ne ana zuba kayan fitsarin yara a inji ba tare da an ɗauraye su ba, sannan mu zo mu sa hijabai da dardumar salla. An kuma sa bargo mai nauyi har bel ɗin inji ɗaya ya tsinke, aka gyara da kuɗinmu duka.

Hajiya ta sashe na 5: Yarinya, na haife ki, kuma tun kafin a yi miki lalle na san hukuncin tsarki. Bargon nan kuwa ba daga sashena ya fito ba, a tambayi masu shanya a igiyar bayan tanki, waɗanda suke kwashe kayan mutane su jibge a kan dakali tun ba su bushe ba.

Amarya ta sashe na 10: Mama, igiyar bayan tanki maigidana ne ya saye ta ya ɗaura da hannunsa.

Shugaban mazauna, sashe na 1: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara abin da aka cim ma. An fahimci cewa kalmar zalunci ba ta dace ba, kamar yadda Malam ya yi bayani, kuma kowa ya shaida alherin Alhaji a kanmu. Ƙarin kuɗin ya biyo bayan tsadar wuta da mai ne, saboda haka zai fara aiki daga watan gobe. Mu masu iyali ba za a ƙirga mana wanki kamar a shago ba, domin maƙwabtaka ta fi gaban haka. Za a fitar da jadawali kamar yadda Dakta ta kawo, a kuma riƙa ɗauraye kayan yara kafin a sa a inji. Maganar mita da rasit kuma a bar ta zuwa wani lokaci.

Mazaunin sashe na 9: Ranka ya daɗe, ina neman afuwar Hajiya idan maganata ta sosa mata rai, amma ban janye kalmata ba, kuma ban ga inda aka amince da ƙarin ba. Ni da Injiniya mun yarda mu sayi ƙaramar mitar da kuɗinmu. Muna roƙon wakili ya kai wa Alhaji wannan saƙo, a bar mu mu ɗaura ta ranar Asabar, a dakatar da ƙarin har mu ga abin da za ta nuna a wata ɗaya.